Ƙofa Ɗaya Tak: Tarihin Masu Bin Almasihu a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Wanda ya fita Kano ta Ƙofar Kabuga ya kama titin Gwarzo, ya wuce Janguza da Rimin Gado har ya shiga ƙasar Kabo, ba zai ga wani abin da ya raba wannan yanki da sauran karkarar Kano ba. Gonakin dawa ne da masara, da rumbuna, da masallatan bakin titi, da almajirai riƙe da alluna. Sai fa in ya saki kwalta ran Lahadi da hantsi, ya bi burtali zuwa gidajen da ke warwatse cikin gonaki. A can yana iya cin karo da ɗan gini mai rufin kwano, mata a gefe guda maza a gefe guda, ana rera waƙa da Hausar da ba ta da gyara. Mai wa'azin Bahaushe ne, masu sauraron Hausawa ne, kuma a wannan ƙasa aka binne kakanninsu. Kiristoci ne, ko Masihiyawa, kamar yadda da yawansu suka fi so a kira su.

Duk wa'azin da ake yi a ɗakin nan yana komawa ga magana guda: ceto yana wurin Yesu Almasihu kaɗai. Malaman tauhidi sun cika littattafai a kan wannan magana. Amma a yammacin Kano, kalmar nan ta ƙarshe, “kaɗai”, ba a takarda ta tsaya ba. Ta shiga gona, ta shiga tukunyar giya, ta shiga ɗakin amarya da wurin rabon gado, ta raba uba da ɗa, ta kuma haɗa waɗanda da ba sa cin abinci a ƙwarya ɗaya. Tarihin da ke biye tarihin wannan kalma ne.

Gidan da ba ya korar kowa

Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci birni a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, kuma addinin ya kafu sosai a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Birni ya yi salla, amma karkara ba ta bi gaba ɗaya ba. Ko bayan da jihadi ya ci Kano a 1807, an bar wasu manoma Hausawa a kan al'adar kakanninsu, suna biyan jizya ta hannun shugabanninsu. Su ne Maguzawa. Masana da yawa na ganin sunan ya samo asali daga “Majusu”, wato mutanen da fikihu ya yarda a karɓi jizyarsu a ƙyale su, duk da cewa ba ma'abota littafi ba ne. A bakin talakawa kuwa, cewa ake yi Bamaguje shi ne wanda ya guje wa salla. Ƙasar da ta tashi daga Kabo da Gwarzo da Karaye da Rogo ta tsallaka zuwa Malumfashi tana cikin wuraren da suka fi yawa.

Wani Ba'amurke masanin harsuna, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a 1938 da 1939, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Abin da ya tarar shi ne abin da tsofaffi ke faɗa har yanzu. Bamaguje bai musa akwai Allah ba, sai dai yana ganin Allah ya yi nisa, iskoki ne ke kusa. Su ke kawo damina mai albarka ko su hana, su ke ba da haihuwa, su ke jefa ciwo. Kowane iska da irin dabbar da yake so da launinta, kuma maigida ne ke yanka a madadin duk wanda ke kwana a gidan. Ba a tambayar mutum abin da ke zuciyarsa. Haihuwarsa a gidan ita ce shigarsa addinin.

Irin wannan addini ƙari yake so, ba ya son ragi. Mutum zai yanka wa iskar gidansu baƙin akuya da safe, da yamma ya je wurin malamin ƙauye ya karɓo laya ko rubutun sha, gobe ya leƙa wurin boka, ba wanda zai ce ya yi laifi. Kuma tambayar da take damunsa ta duniyar nan ce: hatsi, 'ya'ya, lafiya. Ga wanda ya so fita kuwa, ƙofa ɗaya aka sani. Saurayin da ya kama fatauci ko ya koma gari sai ya fara salla, a ce wane ya tuba. Ɗaruruwan shekaru ana haka, har ya zamana a tunanin kowa Bamaguje Musulmin gobe ne da bai riga ya iso ba.

Aƙidar da ta taso da baƙi

Koyarwar cewa babu ceto sai ta wurin Almasihu ta samo tushe daga Sabon Alkawari. Ayoyin da aka fi kafa hujja da su su ne Yohanna 14:6, inda Yesu ya bayyana kansa a matsayin hanya guda ta zuwa wurin Uba, da Ayyukan Manzanni 4:12, inda Bitrus ya kore samun ceto ta wani suna dabam. Gyaran da Martin Luther ya tayar a Jamus a 1517 ya ƙara wasa wannan wuƙa: ɗan Adam mai zunubi ne, aikinsa ba ya iya fansarsa, mutuwar Almasihu a kan gicciye da tashinsa ne suka biya bashin, kuma ana karɓar wannan kyauta ta bangaskiya, ba da lada ko tsatso ko tsayawar wani waliyyi ba.

Wanda ya ɗauki wannan da gaske dole ya kai ga wani sakamako mai nauyi, wato cewa duk wanda ya mutu bai karɓi Almasihu ba ya hallaka. Wannan tunani ne ya taso da samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko a 1893 da nufin shiga ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a lokacin. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ne ya rage, kuma daga yunƙurinsu aka samu ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda kowa ya fi sani da SIM. Sai a 1902 ta iya kafa tasharta ta farko, a Patigi.

Kano kuwa ta riga ta taɓa jin rigima a kan Annabi Isa tun kafin Bature ya zo da Linjila. Wajen 1867, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an kashe wani malami mai suna Ibrahim a kasuwar birni saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa na Alƙur'ani. Almajiransa, Isawa, suka watse, wasu suka nufi Ningi. A 1900 Bishop Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya iso Kano da abokan tafiyarsa, cikinsu har da Dokta Walter Miller, Sarki Alu ya ba su kwana uku su bar masa gari. Miller ya kafu a Zariya daga baya, kuma a 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka neme shi. Aka yi musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya cinye shi cikin 'yan shekaru, waɗanda suka tsira suka zama wani ɓangare na jama'ar Wusasa. Wannan ƙaramar al'umma ta Kiristocin Zazzau ce ta fitar da Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko daga Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Mutane kan ɗauka cewa Turawan mulki da 'yan mishan jirgi ɗaya ya kwaso su, bakinsu ɗaya. A ƙasar Kano ba haka abin ya kasance ba. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma razdanoni suka riƙe wannan alkawari suka tsare masarautu daga masu bishara kusan shekara 30. Abin mamaki, har Maguzawa aka haɗa cikin wannan kariya, don a idon En'e talakawan sarki ne masu biyan haraji.

Ta ƙofar kuturu aka shigo

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Na farko, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Aikin ya daɗe ana yinsa, tun daga J. F. Schön wanda ya yi aiki da Dorugu, yaron nan da ya bi Bature matafiyi Barth zuwa Turai, har zuwa Miller da abokan aikinsa. Masu fassarar ba su ƙirƙiro kalmomi daga sama ba. Sun ɗauki Allah, da annabi, da zunubi, da tuba, da aljanna, da addu'a, da alheri, kalmomin da Musulunci ya riga ya shuka a harshen. Saboda haka Bamagujen da ya ji bishara da kunnensa bai ji baƙon yare ba.

Na biyu shi ne kuturta. En'e-En'e sun kasa ɗaukar nauyin zangon kutare, sai a 1937 aka miƙa wa SIM kula da na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Na Kano shi ne aka sani da Yadakunya, na Katsina Babbar Ruga, na Sakkwato Amanawa. Zamanin Sarki Abdullahi Bayero ke nan. A 1943 aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano. Daga waɗannan cibiyoyi aikin ya bazu karkara: tasha da ɗakin shan magani a Karaye, makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, makarantar maza a Roni, makarantar 'yan mata a Kabo. Gwamnati ta gindaya sharuɗɗa, ba wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, ba koya wa yaro addini sai da yardar iyayensa. Duk da haka ƙofa ta buɗu.

Yana da kyau a lura da waɗanda suka fara shiga: kutare, da marayu, da 'ya'yan da aka raba da iyayensu masu ciwo don kada su kamu, da baƙin da ba su da dangi kusa. Ga mutumin da ake miƙa wa abinci daga nesa, wanda ba a gaisawa da shi hannu da hannu, maganar cewa shi da hakimi duk masu zunubi ne, kuma ƙofa ɗaya za su bi da sharaɗi ɗaya, ba ƙaramar magana ba ce. Wannan ita ce fuska ta farko ta kalmar “kaɗai”: in ceto ba ya zuwa ta asali ko dukiya ko ilimi, to ba wanda ya fi wani kusa da shi. Da yawa cikin waɗanda suka warke, musamman bayan da ƙwayar dapsone ta maye gurbin allurar man da ake yi da farko, sun zama malaman asibiti da masu bishara, suka koma ƙauyuka da allura a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Su ne suka kai saƙon gidajen Maguzawa fiye da kowane Bature.

Musulmi da yawa sun kalli wannan a matsayin tarko, a ba ka magani a karɓe maka addini. Zargin yana da dalili, don 'yan mishan ba su taɓa ɓoye cewa rai suke nema kafin jiki ba. Amma gaskiya ne kuma cewa dubban Musulmi sun sha magani a hannunsu sun koma gida da sallarsu.

Abin da kalmar ta rushe

A gidan Bamaguje ne aƙidar ta gwada ƙarfinta. Da a ce mai bishara ya zo ya ce a ƙara Yesu cikin waɗanda ake roƙo, da an yi masa maraba an ba shi tabarma, har a tambaye shi irin dabbar da Yesun yake so. Amma cewa ya yi a zubar da sauran duka. A ƙone layu, a fasa tukunyar tsafi, a daina zuwa wurin 'yan bori, domin hadaya guda ta riga ta wadatar.

A duba abin da wannan ke nufi ga saurayin da ke noma a gandun ubansa. Farkon damina maigida zai yi yanka don gona ta yi kyau, kowa ya ci naman. Yaron ya ce ba zai ci ba. A wurinsa biyayya ce ga Ubangiji. A wurin tsohon kuwa, ɗansa ya jawo wa gidan duka fushin iskoki, kuma duk ciwon da ya biyo baya ko farin da aka yi, an san wanda za a nuna da yatsa. Wanda ya ƙi cin yankan gandu ya fara fita daga gandu ke nan, ko da bai ɗaga ƙafa ba.

Sai giya. A wurin Maguzawa giya ba shaye-shaye ba ce kawai. Da ita ake kiran gayya, da ita ake biki da makoki, kuma dafa ta na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin mata. SIM da ekklisiyar da ta haifa sun haramta ta ƙwarai. Mai bin da ya daina dafawa ya daina sha ya rasa masu taya shi noma, matarsa ta rasa jarinta. Sai aure: mai mata biyu ko uku zai iya zuwa sujada, amma ba a yi masa baftisma, kuma an hana mai bi ya aurar da 'yarsa ga wanda ba mai bi ba. Tsohuwar sarƙar auratayya tsakanin gidaje ta fara tsinkewa. Ga wanda ya fito daga gidan Musulmi kuwa, kuɗin da zai biya ya fi haka tsada, domin a fikihun Malikiyya bambancin addini yana hana gado, ga kuma hukuncin ridda da ƙyamar dangi. Shi ya sa irin waɗannan ba su da yawa, kuma galibinsu sai da suka bar garinsu.

Akwai kuma ciwon da ba a cika faɗa a fili ba. Wanda ya yarda cewa ƙofa ɗaya ce, dole wata rana ya tsaya a bakin kabarin uwarsa da ta mutu a kan tsafi, ya tambayi kansa ina ta nufa. Tsohon addinin bai taɓa ɗora wa kowa wannan tambaya ba.

Abin da kalmar ta gina

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa. Don haka sabuwar bangaskiyar ba ta da zaɓi sai ta zama gida. Masu bi suka koma kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa, suka yi wa junansu gayya ba giya, suka tara baiko da zakka na hatsi a rumbun ekklisiya, suka noma gonar fasto. Dattawan ekklisiya suka karɓi aikin da maigida ke yi a da, na sasanta ma'aurata da hukunta mai laifi, wanda suke kira sa mutum a horo. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, kuma tun 1948 akwai ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda daga baya ta zama EMS, wadda ta riƙa turo ma'aikata daga kudancin Zariya da Filato zuwa ƙauyukan Kano da Katsina.

Tunda kowa da kansa zai ba da gaskiya, ba uba ne zai yi masa ba, to kowa na bukatar ya karanta da kansa. Wannan ya sa ajin yaƙi da jahilci ya zama ƙofar baftisma. Manomin da bai taɓa riƙe fensir ba ya koyi boko don ya karanta Linjila da littafin waƙoƙi, da ya iya kuma sai ya karanta takardar haraji da ma'aunin auduga. Hujjar da ta shafi namiji ta shafi mace, kuma nan ne muhimmancin Kabo yake. Tara 'yan mata a makarantar kwana a karkarar Kano a wancan zamani abu ne da ba a saba gani ba. 'Yan mishan suna da nasu lissafin, suna son samarin Roni da na Tofa su sami matan aure masu bi. Amma ilimi ba ya tsayawa inda mai ba da shi ya so, kuma irin waɗannan makarantu sun fitar da malamai da ma'aikatan jinya. Matan Maguzawa dama ba su san kulle ba, da su ake noma, da su ake kasuwa. Wannan ƙwazo ne suka juye cikin Zumuntar Mata, wadda a ƙauyuka da yawa ita ce ƙashin bayan majami'a.

Shekarun zaɓe

Bayan samun mulkin kai, zaman Bamaguje a tsakiya ya fara gagara. An kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, kuma daga 1963 zuwa 1965 Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa a sassan Arewa. A daidai wannan lokaci majami'u suka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya mai da kowane mai bi ɗan aike. Cikin shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantu da asibitocin mishan, a 1976 kuma SIM ta miƙa ragowar ayyukanta ga ECWA. A wannan shekara ce aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. Yaro ya shiga aji, malam ya tambayi sunansa da addininsa, kuma a rajista babu gurbin Maguzanci. Daga tsakiyar shekarun nan gidaje suka riƙa yanke shawara, wasu gaba ɗayansu. Da yawa sun musulunta. Wasu kuma, a karo na farko cikin tarihin yankin, suka bi ta ƙofa ta biyu da yawansu. ECWA ta samu, Katolika ta samu, Baptis ta samu, Angilikan ma har ta kai ga kafa dayosis a Bari ta ƙasar Rogo.

Me ya sa wasu suka zaɓi coci alhali duk maƙwabtansu Musulmi ne? Dalilan ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ya ga magani da makaranta. Akwai wanda ya gaji da tsoron iskoki da tsadar yanka. Akwai matan da ba sa son kulle. Akwai kuma tsohon miki, na mutanen da aka daɗe ana kira arna ana karɓar jizyarsu, waɗanda suka ga cewa in sun musulunta a sahun baya za su tsaya, a majami'a kuwa su ne dattawa.

A cikin Kiristanci kansa ma ba a daina gardama kan faɗin ƙofar ba. Babban taron Katolika na Vatican na biyu ya bayyana a 1964 da 1965 cewa shirin Allah na ceto ya haɗa da waɗanda suka yarda da Mahalicci, ya ambaci Musulmi da girmamawa, tare da riƙe cewa duk wanda ya tsira ta dalilin Almasihu ya tsira. Wasu malaman Afirka kuma suka fara cewa addinan gargajiya ma hanya ce. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan kishiyar wannan ɗan Arewa ne, Byang Kato, mutumin Kwoi da aka haifa a 1936, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967. A littafinsa Theological Pitfalls in Africa na 1975, shekarar da ya rasu a teku kusa da Mombasa, ya yi jayayya cewa addinin kakanni ya san akwai Allah amma bai san hanyar ceto ba. Sai dai ya nace cewa mai bi ya riƙe harshensa da kiɗansa da suturarsa. Wannan matsayi ne ya fi rinjaye a majami'un yammacin Kano: a al'ada Bahaushe, a aƙida ba sassauci.

Bahaushe kuma Kirista

A nan aƙidar ta yi karo da wata mai kama da ita. Musulunci ma ƙofa ɗaya ya sani. Suratu Ali Imrana, aya ta 85, ta kore karɓar wani addini bayansa, kuma Suratun Nisa'i, aya ta 157, ta kore cewa an gicciye Annabi Isa, wato ainihin abin da Kirista ya rataya ransa a kai. Ba rashin fahimta ba ne tsakanin ɓangarorin biyu. Kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ke faɗa sarai, bai yarda ba ne.

Wani abin lura shi ne cewa a ma'aunin fikihu, Bamagujen da ya zama Kirista matsowa ya yi kusa. Jiya yankansa ba ya ciwuwa, 'yarsa ba ta auruwa sai ta musulunta. Yau ya zama ma'abocin littafi. Amma a ma'aunin zaman jama'a nisa ya ƙara, domin an daina ganinsa Musulmin gobe, an koma ganinsa wanda aka yi wa tayi ya zaɓi wani. Kuma ya karya wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, wadda ta ce Bahaushe da Musulmi abu ɗaya ne. Duk lokacin da gari ya yamutse, kamar rikicin Fagge na 1982, ko na Kafanchan na 1987 da ya fantsama har Wusasa da Funtuwa, ko na zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke Kano a Oktoban 1991, Bahaushe Kirista kan rasa gefen da zai raɓa. A Sabon Gari harshensa da rigarsa sun sa ana tsoronsa, a cikin gari sunansa na Bulus ko Saratu ya tona shi. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, ƙungiyarsu, Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ta ci gaba da kokawa kan wahalar samun takardar shaidar ɗan ƙasa, da filin gina majami'a, da malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, duk da cewa sashe na 38 da na 42 na tsarin mulkin 1999 sun tabbatar da 'yancin addini sun kuma hana wariya. Su ma Musulmin yankin suna da nasu ƙorafin, kan masu wa'azin da ke zuwa daga nesa ba su san girman kowa ba, suna magana a kan abin da mutane ke ɗauka da tsarki kamar ba a gaban masu shi ba.

Duk da haka, a mafi yawan kwanakin shekara ba rigima ake yi ba. Akwai gidaje a ƙasar Gwarzo da Kabo da Karaye inda kaka ɗaya ya bar jikoki kashi biyu, waɗansu na zuwa masallaci waɗansu na zuwa majami'a. Da Salla a aika wa Kirista nama, da Kirsimeti a kira Musulmi ya yanka akuyar don kowa ya iya ci. In an yi rasuwa duk a taru a haƙa kabari, sai lokacin addu'a wani ɓangare ya ja da baya kaɗan ya tsaya shiru. Ba wanda ya sassauta aƙidarsa a cikinsu. Kowanne yana ganin ɗan'uwansa ya kuskure ƙofa, kuma kowanne yana yi wa ɗayan addu'ar shiriya da zuciya ɗaya.

Masu neman zaman lafiya daga nesa sukan ce maganin abin shi ne kowa ya yarda duk hanyoyi ɗaya ne. Mutanen wannan yanki sun taɓa zama da addinin da ya yarda da hakan, shi ne na iskoki, kuma jikokinsa ne da kansu suka bar shi, waɗansu suka yi gabas waɗansu suka nufi gicciye, duk don neman magana tabbatacciya. Ba za a mai da su baya ba. Abin da ya riƙe su tare tsawon shekarun nan wani abu ne da addinan biyu suka tarar a ƙasar suka kuma ƙarfafa shi, wato haƙƙin maƙwabtaka da na jini. Hukuncin lahira ba a hannun dagaci yake ba, ba kuma a hannun shugaban ƙaramar hukuma ba. Abin da ke hannunsu shi ne takardar ɗan ƙasa, da filin maƙabarta, da gurbin yaro a makaranta, kuma a kan waɗannan ne za a gane ko jikan Bamaguje da ya zaɓi ƙofarsa yana nan a matsayin ɗan gida a ƙasar da kakanninsa suka share.